Ɗan'uwa ne, amma ku rubuta yarjejeniya: mai zanen da ya yi mana majami'a

Ni ce ma'ajiyar kwamitin gini na ikkilisiyarmu, shekara huɗu ke nan littafin kuɗin yana hannuna. Tun da aka keɓe sabuwar majami'ar, mutum uku daga wasu ikkilisiyoyi sun tare ni da tambaya iri ɗaya: wa ya zana muku, kuma in mun kira shi za mu ji daɗinsa? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa bayan sujada, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunansa ko na ofishinsa ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Ofishin ƙarami ne. Shi ne mai zanen, da wata matashiya da ke fitar da zanen a kwamfuta, sai injiniyan da suke kira idan an zo lissafin nauyin da gini zai ɗauka. Kafin wannan aiki ni ma duk wanda na gani da hular kwano injiniya nake ce masa. Ashe aikin ya rabu: akitek shi ke tsara fasalin gini, ina ƙofa, ina taga, ta ina haske da iska za su shigo, yadda mutane za su shiga su fita; injiniya kuma shi ke faɗin kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai shiga ciki. Abin da muka saya a wurinsu abu huɗu ne: zane, takardun neman izinin gini, lissafin kayan da za a saya, da sa ido a kan ɗan kwangila har a gama.

Mutum uku muka gayyata. Biyu sun zo da hotunan ayyukansu, suka yi bayani, suka tafi. Shi kuwa da ya miƙo katinsa, a ƙarƙashin sunan ofishin an buga Zabura 127:1, wadda ke cewa in ba Ubangiji ne ya gina gida ba, wahalar banza magina suke sha. Kafin ya buɗe jakarsa ya ce a yi addu'a. Yana fita, babban dattijonmu ya dube mu ya ce, "To, me kuma muke nema? Ai wannan namu ne." Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Ba mu je mun ga gini ko ɗaya da ya taɓa yi ba. Ba mu tambayi takardar rajistarsa ba sai bayan wata uku, da hukumar ba da izini ta nema. Allah ya rufa asiri yana da ita. Ni da ba na sakin kuɗin kwalin alli ba tare da rasit ba, aya ɗaya a kan kati ta sa na miƙa ginin ikkilisiya sukutum.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya fara rushe wannan tunani namu shi ne shi kansa. A zama na farko ya haska mana hotuna a bango, ya ce kowa ya faɗi wanda yake ganin mai bi ne ya zana.

Na farko babbar majami'ar Brasília ce a Birazil, ginshiƙai 16 masu lanƙwasa sun tashi sama sun buɗe kamar hannuwan masu roƙo. Duk muka ce wannan sai mai bi. Ya ce Oscar Niemeyer ne, ɗan gurguzu, wanda bai taɓa ɓoye cewa bai gaskata da Allah ba, kuma an keɓe ginin a 1970. Na biyu wata ƙaramar majami'a ce a Ibaraki, kusa da Osaka a Japan: kankare zalla, babu ado ko ɗaya, sai dai an tsaga bangon gaba da siffar gicciye, hasken rana ne ke cika tsagar. Mama shugabar mata sai da ta dafe ƙirji. Tadao Ando ne ya zana, an gama a 1989, tsohon ɗan dambe ne da ya koya wa kansa zane, kuma ba Kirista ba ne. Kuɗin ikkilisiyar bai taka kara ya karya ba, har da katakon da magina suka taka aka yi bencina. Wannan ya burge ni fiye da gicciyen, kun san halin ma'aji.

Sai ya juya abin. Ya nuna masallacin Istiqlal na Jakarta a Indunusiya, wanda aka buɗe a 1978, yana fuskantar babbar majami'ar Katolika ta birnin, titi ne kawai a tsakaninsu. Wanda ya ci gasar zanensa a 1955, Friedrich Silaban, Kirista ne, ɗan fasto. Ya ƙara da birnin Libaful na Ingila, inda Giles Gilbert Scott, ɗan Katolika mai shekara 22, ya ci gasar zana babbar majami'ar Angilikan a 1903, ita kuma ta Katolika da aka buɗe a 1967 Frederick Gibberd ne ya zana ta, wanda ba ɗan Katolika ba, kuma shi ɗin ne ya zana babban masallacin Landan na Regent's Park.

Ɗakin ya yi tsit. Dattijo ya gyara zama ya ce, "Ɗana, kai so kake mu sallame ka ke nan?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a Baba. So nake in ruwa ya zubo ku tuhumi zanena, kada ku ce ai ɗan'uwa ne ku yi shiru."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta, domin ruwan ya zubo, kuma da shi da mu duk mun manta da ita.

Ni ban yarda da shi nan take ba. Na ce masa ai da Allah ya tashi yin alfarwa ta sujada, ba baƙo ya ɗauko ba, Bezalel ya kira da sunansa, daga kabilar Yahuza, ya cika shi da Ruhunsa, yana nan a Fitowa 31. Ya ce, "Gaskiya ne Mama, amma ki karanta abin da aka cika shi da shi: hikima, fahimi, sani, da gwanintar sana'a. Kuma Sulemanu da zai gina Haikali, wurin Hiram sarkin Taya ya aika, ya ce a cikinmu babu wanda ya iya saran itace kamar Sidoniyawa." Na koma gida na buɗe 1 Sarakuna 5, na tarar haka ne. Na ji haushi kaɗan, domin shekara talatin ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ban taɓa lura da ayar ba. Daga baya na karanta cewa wani limamin Katolika Bafaranshe, Marie-Alain Couturier, ya daɗe da tsayawa a kan wannan ra'ayi, cewa gara a ba gwani marar bangaskiya aikin majami'a da a ba mai bangaskiya marar gwaninta, kuma yana cikin waɗanda suka mara wa mai zane Le Corbusier baya ya zana ɗakin sujada na Ronchamp a Faransa da aka gama a 1955. Har yau ban haɗiye wannan ra'ayi duka ba. Abin da na gani a wurin aikinmu shi ya hana ni.

Zanensa na farko mun mayar masa. Kirista ne, amma ba ɗarikarmu ɗaya ba, kuma mu ba mu taɓa tunanin wannan zai shafi bulo da siminti ba. Ya zana dogon ɗaki siriri, teburin Jibin Ubangiji can gaba a tsakiya, mumbari a gefe guda, kamar yadda ya tashi ya gani. Mu kuwa wa'azi ne tsakiyar sujadarmu, kuma nutsarwa muke yi a baftisma, shi ko kwamin ruwa bai sa ba. Baba Fasto ya duba ya duba ya ce, "Kyakkyawar majami'a ce, sai dai ba tamu ba ce."

A nan ne ya fara samun maki a wurina. Bai yi gardama ba, bai kuma ce za mu biya kuɗin sabon zane ba. Lahadi uku a jere ya bar tasa ikkilisiyar ya zo ya zauna a bencin baya na tsohon ɗakinmu da ɗan littafi a hannu. Ya ga mawaƙa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya ga lokacin baiko kowa tasowa yake ya zo gaba, layi biyu suna karo da juna a tsakiya. Ya ga masu goyo suna fita da jarirai su tsaya a rana, rabin wa'azin ya wuce su. Ya ƙirga minti nawa ɗakin ke ɗauka kafin ya watse. Zane na biyu da ya kawo faffaɗa ne, kujeru sun kewaye mumbari ta gefe uku, hanyoyi uku a tsakani domin mai zuwa gaba da mai komawa kada su haɗu, kwamin baftisma a bayan mumbari inda kowa zai gani, da ɗakin masu goyo mai tagar gilashi da ƙaramar lasifika. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba: Christopher Wren, ɗan limami, wanda ya sake gina majami'u fiye da 50 a Landan bayan gobarar 1666, ya rubuta cewa dole kowa ya ji mai wa'azi kuma ya gan shi, har ya auna cewa matsakaiciyar murya tana kaiwa ƙafa 50 ta gaba, 30 ta kowane gefe, 20 ta baya.

Shin wanda ba Kirista ba zai iya zaman Lahadi ukun nan? Zai iya mana, Silaban ma ai sai da ya koyi yadda ake alwala da sahu. Amma namu bai buƙaci a fassara masa abin da yake gani ba. Da ya ga wata tsohuwa ta durƙusa a gaba bayan an tashi, bai tambayi me take yi ba, sai kawai muka ga ya bar fili mai faɗi tsakanin layin farko da matakala.

Yanzu ga abin da ya sa duk ƙorafin da zan yi ba zai sa in ce kada a kira shi ba. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara shida da suka wuce, a keken guragu yake. A tsohon gini samari biyu ke ɗaga shi su haye matakala huɗu, kuma shi mutum ne mai jin nauyin mutane, har ya fara cewa gara ya zauna a gida. Ban taɓa gaya wa mai zanen ba. A zane na biyu sai ga gangara a ƙofar gaba, ba ta baya ba. Daɓen ginin ya ɗaga santimita 60 daga ƙasa, ƙa'idar kuma ita ce kowane tashi ɗaya a ba shi tsawo 12, wato gangarar ta kai mita 7 da ɗoriya. Wasu a kwamiti suka ce ta ɓata fuskar ginin, a gajarta ta ko a kai ta ƙofar gefe. Ya ce in an gajarta ta zama tudun da mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, in kuma an kai ta gefe, an gaya wa gurgu ke nan cewa ƙofarsa daban. Ni ban ce uffan ba a zaman nan, domin kada a ce don mijina nake yi. Ranar keɓewa shi ya tura kansa har ciki.

Haka ya yi da benen mawaƙa. Ɗan kwangila ya kawo shawarar gajeren shinge mai faɗin tsakani, ya fi araha, ya fi kyan gani. Mai zanen ya ce tsayinsa sai ya wuce mita ɗaya, kuma tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada ya wuce santimita 10, domin kan yaro kada ya shige. Da aka matsa masa, sai ya buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8, inda aka umarci wanda ya gina sabon gida ya ja wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Sau ɗaya ke nan a shekara huɗu da na ji ya jawo aya don ya ci gardama a kan aikin ginin, kuma a kan shingen ƙarfe ne. Ƙofofi duka ya sa suna buɗewa ta waje saboda ranar firgici. Wannan ban san dalilinsa ba sai da ya ce in yi tunanin mutum ɗari huɗu suna tura ƙofar da ke buɗewa ta ciki.

Sai maganar rodi, wadda ita ce ta kusa raba mu. Kuɗi ya yanke mana ana gab da zuba dakalin bene. Wani a cikinmu, ba zan ce wane ba, ya je ya sami ɗan kwangila a gefe suka shirya a rage kaurin rodi a kuma buɗa tazararsa, wai ai gidan Allah ne, Allah zai riƙe. Mai zanen ya zo duba aiki da safe kafin a zuba kankare, ya sa awo, ya kira injiniya, ya hana zubawa. Motar kankare ta juya, asarar ranar kuma a littafina ta sauka. Ranar na yi fushi da shi ƙwarai, na ce masa ya san yadda gwauraye suka tara kuɗin nan? Ya ce, "Na sani Mama, su ne za su zauna a ƙarƙashinsa." Ya ce in muka nace, zai rubuta wa hukuma ya janye sunansa daga aikin. Aikin ya tsaya wata biyar har muka tara cikon. Tun daga gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, har ƴan curin kankare da ake kaiwa a matse a kwana 7 da kwana 28 don a ga ƙarfinsu, babu wanda ya yarda a tsallake, kuma kowanne da takardarsa a fayil ɗina.

Akwai wani abu kuma da ba ya cikin aikin da muka ba shi. Ya lura ɗan kwangila yana riƙe kuɗin leburori sati biyu, sati uku. Ya zo ya same ni ya ce kada in saki kashi na gaba sai an nuna mini an sallame su. Rabin leburorin nan ba addininmu ɗaya ba, kuma shi ya sa aka keɓe musu wuri mai tsabta a inuwa don ibadarsu. Da na yaba masa, sai ya ce mai zane Antoni Gaudí ma makaranta ya gina wa ƴaƴan ma'aikatansa a gefen majami'ar Sagrada Família ta Basalona a Sifaniya a 1909.

Gaudí ɗin nan shi ne gwarzonsa, hotonsa na manne a ofis. Ya karɓi aikin majami'ar ta Basalona a 1883, ya yi shekara fiye da arba'in a kanta, ƙarshen rayuwarsa ma a ɗakin aikinsa yake kwana. Ya tsara hasumiya mafi tsawo ta tsaya a mita 172.5, ƙasa kaɗan da dutsen Montjuïc, don aikin mutum kada ya zarce na Mahalicci. A watan Yuni na 1926 jirgin titi ya buge shi, aka ɗauka almajiri ne saboda tsufan tufafinsa, aka kai shi asibitin talakawa, can ya rasu. A 2025 Fafaroma Francis ya amince da shi a wani mataki na hanyar zama waliyyi. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma na fahimci abin da ya sa matashi mai bi zai so ya yi koyi da shi. Sai dai akwai wata magana da ake dangantawa da Gaudí, wai da aka tambaye shi yaushe zai gama, ya ce mai aikin nasa ba ya gaggawa, yana nufin Allah. To, namu ya haddace wannan fiye da kima.

Mutumin nan ba ya cika lokaci. Zanen da ya ce sati uku, sai da ya yi wata biyu. Takardun izini sun kwana a teburinsa har hukuma ta canza fom. Ranar da ya ce zai zo duba aiki, sai magina su zauna jiransa har rana ta take, ni kuma ina biyan yini. In na kira, sai ya ce, "Mama, mu ci gaba da addu'a, komai da lokacinsa." Wata rana haƙurina ya ƙare na ce masa, "Ɗana, addu'a muna yi tun kafin a haife ka. Ranar da za ka kawo zanen nake tambaya." Wannan shi ne babban aibinsa a wurina, kuma ya fi jinkirin kansa ciwo: yana sa harshen ibada a inda ya kamata ya ce na yi laifi, ga ranar da zan gyara. Wanda ba ɗan'uwa ba ba zai samu wannan mafaka ba. Da ɗaya daga cikin biyun da muka sallama ne, da wasiƙa zan rubuta masa, in ajiye kwafi.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ba mu rubuta yarjejeniya ba. Da na kawo maganar a farko, aka ce haba, tsakanin ƴan'uwa? Shi ma ya ce zai rage mana kuɗin aikinsa a matsayin nasa baikon, muka yi godiya, muka tafa. Abin da ba mu hango ba shi ne, wanda ya yi maka ragi ya ɗaure maka baki. Duk lokacin da na so in matsa, sai wani ya ce a tuna fa taimako yake yi. Shi kuma, da aikin masu biya cikakke ya zo, namu yake turawa baya, kuma ban ga laifinsa sosai ba, yana da ma'aikata da iyali. Babu takardar da ta ce sau nawa zai zo wurin aiki a wata, ko gyaran zane nawa ne kyauta, ko wa zai ɗauki asara in kuskuren daga zane ne. Da muka zo kan waɗannan, kowa da abin da ya tuna. Luka 14:28 ta ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Mun yi lissafin siminti, ba mu yi na wannan ba.

Kuskuren zane kuwa akwai guda biyu. Na farko sauti. Ya so ɗaki mai tsayi da bango sumul da daɓen tayil, kuma ga ido abin ya yi kyau. Lahadin farko Baba Fasto ya ce "Alheri", kalmar ta je bangon baya ta dawo ta tarar da shi yana tsakiyar ta gaba. Waƙa tana daɗi a ciki, har mawaƙa suna murna, amma wa'azi sai ka kasa kunne kamar mai sauraron rediyon da tasharsa ta kauce. Tsofaffi suka fara cewa ba sa ji. Da ya zo ya fasa balan-balan a tsakiyar ɗakin ya auna da wayarsa, ƙarar ta kusa daƙiƙa uku kafin ta mutu, alhali magana tana son abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya da ɗan kai ba. In ɗakin ya cika abin yana raguwa, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, amma taron addu'ar tsakiyar mako da mutum arba'in wahala ce. Mutumin da ya karanta mana ƙafa 50 na Wren, shi ne ya manta da kunne. Gyaran ya ci allunan shanye sauti a bangon baya, da sauya manyan lasifika biyu da ƙanana shida a rarrabe. Ya amsa cewa ya kamata tun farko ya kira masanin sauti. Zanen gyaran kyauta ya yi, kayan kuwa mu muka saya.

Na biyu shi ne gicciyen. Tun ranar da Mama shugabar mata ta ga hoton Ibaraki ta ce ita fa sai an yi mana irinsa, shi ma abin da yake so ke nan. Aka tsaga bangon gaba, aka sa gilashi. Da safe, in rana ta fito ta bayansa, hasken yana sauka har kan layi na uku, kuma ba zan yi ƙarya ba, na sha tsayawa ina kallo bayan kowa ya fita. Amma ruwan sama na farko mai iska ya bi ta hannun gicciyen na hagu ya gangaro bango, ya bar baƙin zane har ƙasa. Wurin da gilashi ya haɗu da kankare ba a yi masa leɓen da zai karkatar da ruwa ba, an dogara da gam kawai. Wata uku muna sa bokiti a bayan mumbari, ba wanda ya kira shi. Kowa yana jin nauyi. Dattijo ya ce a bari a ga ko zai tsaya da kansa. Ni ce na tuna da maganarsa ta zaman farko, na ɗauki waya na ce, "Ka ce in ruwa ya zubo mu tuhumi zanenka. To, ya zubo." Ya yi shiru, sannan ya ce gobe yana tafe. Bai zo goben ba, sai bayan kwana tara. Amma da ya zo, shi ya hau tsani da kansa, ya ce kuskurensa ne ba na magini ba, kuma wannan karon shi ya biya.

Iska dai ba mu da ƙorafi. Ya sa tagogi ƙasa-ƙasa a bango biyu masu fuskantar juna, da wasu ƙanana can sama kusa da rufi, iska mai zafi tana tashi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Ko fanka ba ta juyawa ana iya zama. Lissafin kayansa ma ya yi kusa da gaskiya, abin da ya ƙaru a kai yawancinsa canje-canjen da mu muka nema ne.

In maki ake so, zane da tsare lafiyar mutane tara cikin goma, gaskiya a kan kuɗi goma, domin ban taɓa kama shi da haɗa baki da mai sayar da kaya ba, kuma na bincika. Cika lokaci uku, ukun ma don Mama shugabar mata ta roƙa masa.

Ga masu tambayata: ku kira shi. Amma kafin ku ɗaga hannu, ku je majami'ar da ya taɓa zanawa ranar da babu mutane, ku tsaya a tsakiya ku tafa hannu sau ɗaya ku saurara, sannan ku duba bango a ƙarƙashin tagogi. Ku nemi takardar rajistarsa. Ku biya shi cikakken kuɗinsa. In yana son yin baiko, akwatin yana nan ranar Lahadi, ya sa da hannunsa. Ku rubuta ranakun kawo zane da yawan zuwansa wurin aiki, da abin da za a cire in ya saɓa, ku sa hannu, shi ma ya sa. Ku gaya masa tun ranar farko yadda kuke baftisma da inda mumbarinku yake tsayawa. Masanin sauti kuma ku sa shi cikin lissafi tun kafin a haƙa harsashi.

Mu ma mun sake ba shi aikin azuzuwan makarantar Lahadi. Wannan karon yarjejeniyar shafi huɗu ce, ni na rubuta ta, maigidana ya duba mini. Da na miƙa masa ya karanta har ƙarshe, ya kai sakin layin da ya yi maganar jinkiri, ya ɗago ya ce, "Mama, har da tara?" Na ce har da ita. Zanen farko ranar Talata mai zuwa ya kamata ya iso.